Bin sawun wasiƙun Bayard Rustin

Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, a hamadar Aljeriya. Tun kafin ranar ta zo hankalin mutane ya tashi a Gana da Najeriya, domin kowa ya san inda iskar hunturu take tasowa, ya kuma san a kan wa take sauke ƙurarta. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas a farkon Janairun 1961, ta rufe wa jiragen ƙasar filayen sauka da tashoshin ruwa.

A kan wannan lamari nake rubuta kundin digirina na biyu a Philadelphia, kuma cikin binciken ne na yi karo da labarin wani ayari na mutum kusan ashirin da ya tashi daga Akra ranar 6 ga Disambar 1959. Niyyarsu su tuƙa mota kimanin kilomita 3,000 har wurin gwajin su zauna a can, in Faransa ta ga za ta iya, ta tayar da bam ɗin a kansu. Yawancinsu 'yan Gana ne. Akwai Michael Scott, limamin cocin Ingila, da Michael Randle daga Landan, da Bill Sutherland, baƙar fatar Amurka da ya zauna a Gana, da Ntsu Mokhehle wanda daga baya ya zama firaministan Lesotho. Wanda ya fi ɗaukar nauyin tsara tafiyar kuwa wani baƙar fatar Amurka ne mai shekara 47, ɗan ɗariƙar Kweka, Bayard Rustin. Shi ne mutumin da bayan shekara huɗu ya tsara gangamin neman haƙƙin baƙar fata a Washington na 28 ga Agustan 1963, inda kimanin mutum 250,000 suka saurari Martin Luther King.

Me ya kai irin wannan mutum Bawku, garin kan iyaka a arewacin Gana da ayarin ya bi? Da na kawo wa malamar da ke duba aikina wannan tambaya, sai ta ce in ajiye abin da aka rubuta a kansa tukuna, in je in karanta abin da shi ya rubuta wa mutane da hannunsa.

Kweka ɗariƙa ce ta Kirista da ta taso a Ingila wajen 1650 ta hannun George Fox. Su kuwa Abokai suke kiran kansu. A reshen da Rustin yake bi babu limami, babu huɗubar da aka shirya. Taruwa ake yi a zauna shiru, wanda ya ji an jefa masa magana a zuciya ya miƙe ya faɗa ya koma ya zauna. Tun farkon mulkin Sarki Charles na Biyu suka rubuta masa cewa sun haramta wa kansu ɗaukar makami ko da wane dalili. William Penn da ya kafa Pennsylvania a 1681 nasu ne, kuma a unguwar Germantown da ke nan Philadelphia wasu daga cikinsu suka rubuta takardar ƙin bauta tun 1688. A 1947 aka ba ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ta Amurka da ta Birtaniya, kyautar Nobel ta zaman lafiya. Mu ma sun taɓa shiga sabgarmu: lokacin yaƙin basasa, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin sun yi ta kai da kawo da saƙonni tsakanin Gowon da Ojukwu ba tare da an ji amonsu ba. Rustin kuwa kakarsa Julia ce ta raine shi a garin West Chester, inda aka haife shi ranar 17 ga Maris 1912, kuma daga wurinta ya sha tarbiyyar Kweka.

Matakin farko mai sauƙi ne. A 2012, shekarar cikarsa ɗari da haihuwa, an tattara zaɓaɓɓun wasiƙunsa an buga a littafi. Na aro shi, na karance, na riƙa rubuta inda aka ce an samo kowace wasiƙa. A nan na fara ganin girman aikin, domin wuraren sun warwatsu: wasu a Laburaren Majalisar Dokoki a Washington, wasu a fayil ɗin hukumar gidajen yari, wasu cikin takardun King, da yawa kuma a kwalejin Swarthmore. Littafin zaɓe ne, wani ya riga ya tankaɗe ya ba ni abin da ya ga ya dace. Ni kuma ina son ganin har dusar.

Swarthmore ba ta da nisa. Daga tsakiyar Philadelphia jirgin ƙasa yakan yi kamar rabin awa, ya sauke mutum a gindin kwalejin, sai a haura wata doguwar hanya mai manyan itatuwa. 'Yan Kweka ne suka kafa makarantar a 1864, kuma a laburarenta na McCabe akwai ma'ajiyar takardun masu fafutukar zaman lafiya, wadda ta soma wajen 1930 da takardun Jane Addams, Ba'amurkiya mai fafutukar zaman lafiya. Ba a zuwa kai tsaye. Sai an fara duba jerin abin da ke cikin kowane tari a intanet, a fitar da lambar akwati da sunan fayil, a aika musu imel tun da sauran lokaci, saboda wasu akwatunan ba a ginin ake ajiye su ba. Ranar zuwa a nuna katin shaida, a cike fom, a kulle jaka da riga mai kauri a loka. Biro ba ya shiga, sai fensir. Akwati ɗaya a kan tebur, fayil ɗaya a buɗe, takarda kuma yadda aka same ta haka za a mayar, ko da a ganinka wanda ya jera bai jera daidai ba. An yarda a ɗauki hoto da waya muddin ba a kunna fitilarta ba.

Na gaya wa ma'aikaciyar da ta karɓe ni cewa wasiƙun Rustin nake nema. Ta ce, "To sai ki nemi mutanen da ya rubuta wa. Wasiƙa a hannun wanda aka aika wa take zama." Ta lissafa mini inda zan duba: takardun A. J. Muste, dattijon da ya zame wa Rustin uba a wannan harka. Na Fellowship of Reconciliation, ƙungiyar masu addini masu ƙin yaƙi, inda ya yi aiki daga 1941 zuwa 1953. Na War Resisters League, wata ƙungiyar masu ƙin yaƙi, inda ya koma bayan nan. Da na kwamitin da ya ɗauki nauyin tafiyar Sahara daga ɓangaren Amurka.

Abin da hoto a kwamfuta ba ya nunawa shi ne jikin takardar. Wasiƙar da ta shigo ofis ita ce ta asali, da sa hannu, wani lokaci da ƙarin magana a gefe da alƙalami. Wadda ta fita kuwa kwafin kabon ne kawai ya rage, a kan siririyar takarda da ake hango yatsa ta bayanta, ba sa hannu, haruffan sun yi dishi-dishi. Na ƙasashen waje shuɗɗan takardun jirgi ne da ake naɗewa su zama ambulan kansu, an cika su da rubutu har baki don kada a yi asarar wuri. Sai tangaraho, gajeru, kowace kalma da kuɗinta. Tun ban karanta ba, kaurin takarda da launinta kan gaya mini daga ina ta fito.

Wahalar ita ce fayil ɗaya ɓangare ɗaya yake ba da labari, tamkar kana sauraron mutum yana waya a ɗaki: kana jin amsarsa, ba ka jin abin da aka ce masa. Dole na buɗe jadawali a kwamfuta. Kowace wasiƙa da layinta: kwanan wata, wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, daga wane gari, a wane akwati take, me ta ƙunsa a jimla ɗaya. Duk hoton da zan ɗauka sai na fara ɗaukar goshin fayil ɗin, in ba haka ba in na koma gida ba zan san mahaifar takardar ba. Da layukan suka yi yawa na jera su bisa kwanan wata, sai tambaya ta faɗo kusa da amsarta, ko da ɗaya daga Swarthmore take ɗaya daga Washington.

Jerin ne ya tilasta mini komawa baya. Na zo neman 1959, amma hanyar da yake bi da hukuma a Gana ba a Gana ya koye ta ba.

A watan Agustan 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya, majalisar 'yan Kweka ta New York da yake cikinta tana shawarar buɗe wa sojoji wurin hutu da baƙunta. Rustin ya rubuta musu cewa babban aikin jama'ar addini a cikin al'umma shi ne faɗa wa masu iko gaskiya, gaskiyar kuwa ita ce yaƙi ba daidai ba ne. Wannan ga mutanensa ke nan, dattawan da suka girme shi, yawancinsu farare.

Sai wasiƙar 16 ga Nuwambar 1943, wadda ya aika wa hukumar ɗaukar soja ta unguwarsu. A kanta na fi daɗewa. Dokar 1940 ta ba irinsa mafita: wanda addininsa ya hana shi yaƙi ana tura shi sansanin aikin farar hula, kuma kimanin mutum 12,000 sun bi wannan hanya. Rustin ya riga ya samu wannan izini. Sai ya zauna ya rubuta cewa ko wannan ma ba zai karɓa ba. Ya jero koyarwar Annabi Isa kamar yadda ya fahimce ta: girmama ɗan Adam, hidima, rinjayar mugunta da alheri, 'yan'uwantaka. Ya ce dokar tilasta shiga soja an gina ta ne don raba mutane, Bajamushe da Ba'amurke, Ba'amurke da ɗan Japan, a aikace kuma tana raba baƙi da fari a cikin rundunar da ake cewa 'yanci ɗaya take nema. Ya ce wajibi ne ya yi ƙoƙarin bin dokar ƙasa a kowane lokaci, amma inda nufin Allah da nufin gwamnati suka saɓa, na Allah zai bi. Wanda ya tashi yana jin malamai na cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci ba zai ji maganar baƙuwa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshenta. Ya ce yana baƙin cikin karya doka, a shirye yake da duk abin da zai biyo baya, ga kuma katunansu ya mayar musu cikin ambulan. Bai gudu ba, bai ɓuya ba. An kama shi a farkon 1944, ya amsa laifi, aka yanke masa shekara uku.

A kurkukun Ashland da ke Kentucky ma haka. A lokacin ana raba fursunoni baƙi da farare a wurin kwana da wurin cin abinci. Kafin ya soma komai sai da ya rubuta wa shugaban gidan yarin, cikin ladabi, ya bayyana masa dalilin da ya sa wannan rabon zalunci ne da abin da ya kamata a yi. Wani fursuna farar fata da ya fusata da ganinsa a sashen farare ya rufe shi da duka da sandar goge ƙasa har ya karya masa ƙashi a wuyan hannu, Rustin ya hana abokansa riƙe mutumin, shi ma bai rama ba. Ya fito a watan Yunin 1946 daga kurkukun Lewisburg bayan wata 28. A 1947 ya shiga motocin haya na kudancin Amurka tare da wasu mutum goma sha biyar, baƙi da farare, don gwada hukuncin kotun ƙoli na 1946 da ya hana wariya a tafiya tsakanin jihohi. Wannan ya jawo masa kwana 22 na aikin ƙarfi a North Carolina a 1949, da ya fito kuma ya rubuta rahoton abin da ya gani aka buga a jarida.

Duk inda na duba, tsarin ɗaya ne. Zai rubuta wa mai iko tun kafin ya motsa, ya faɗi abin da zai yi da dalilinsa, ya sa sunansa, ya tsaya a ɗauki mataki a kansa. A fahimtata wannan shi ne Kwekancinsa a aikace: bai ɗauki abokin hamayya wanda za a yi wa dabara ba, ya ɗauke shi mutum mai zuciyar da za a iya kaiwa gare ta.

Amma a cikin wannan jerin akwai wasu wasiƙun da ba a fili suke magana ba. Fursuna ba ya rubuta wa kowa sai waɗanda hukuma ta amince da sunayensu, kuma kowace wasiƙa sai jami'i ya karanta. Cikin waɗanda Rustin yake rubuta wa daga Ashland akwai wani saurayi da ke New York, wasiƙun kuma cike suke da zagaye-zagaye, har da sunan mace da aka ara don a sakaya zance. Rustin mai neman maza 'yan'uwansa ne. Na san yadda yawancin masu karanta wannan za su ji, domin daga cikinsu na fito, kuma hukuncin addinina a kan wannan ba a ɓoye yake ba. Na yi tunanin tsallake wannan sashe a kundina. Na ga ba zai yiwu ba, saboda in an cire shi, rabin wasiƙun ba za su fahimtu ba, har da waɗanda suka shafi Najeriya. Wanda aka ba amanar takardun mamaci ba shi da ikon gyara masa rayuwa.

A Ashland hukumar gidan yarin ta tuhume shi da wannan, yaƙin da ya faro da wariya ya wargaje, Muste kuma ya rubuta masa wasiƙa mai zafi, irin ta uban da aka ba kunya. A 1952 ya zo Afirka ta Yamma, ya gana da Kwame Nkrumah a Akra da Nnamdi Azikiwe a Legas, ya koma da shirin dawowa ya zauna ya yi aiki da masu neman 'yancin kai a kan gwagwarmaya ba da makami ba. Yana yawon laccoci don tara kuɗin wannan tafiya aka kama shi a Pasadena ta jihar Kalifoniya a Janairun 1953 tare da wasu maza biyu a mota. An yanke masa ɗaurin kwana 60, ya rasa aikinsa, shirin Najeriya ya mutu. A jadawalina, layukan da ke cike da sunayen Legas da Akra sai suka yanke a wannan wata. A 1955 ya taya ƙungiyar agajin Kweka ta Amurka rubuta wata shahararriyar takarda a kan madadin yaƙi, aka fitar da ita ba sunansa, sai a 2010 aka mayar.

Don takardunsa na kansa sai da na je Washington. Katin karatu na Laburaren Majalisar Dokoki kyauta ne: a yi rajista, a je ginin Madison da katin shaida, a ɗauki hoto, a miƙo kati nan take. Ɗakin karanta rubuce-rubucen hannu yana cikin ginin, dokokinsa kusan irin na Swarthmore, sai dai ko takardar rubutu su suke bayarwa. A cike 'yar takardar neman akwati, a turo shi a kan amalanke. Abin da ke can ya fi karkata ga shekarunsa na baya-baya, daga gangamin 1963 zuwa gaba. Wasiƙunsa da King kuwa da yawansu cibiyar nazarin King ta jami'ar Stanford ta sa a intanet, ana karantawa daga ko'ina.

Da na dawo kan 1959 da wannan duka a kaina, sai takardun Sahara suka buɗe. Ayarin bai yi komai a ɓoye ba. Sun nemi biza daga Faransa, aka hana su. Sun sanar da ranar tashi da hanyar da za su bi da inda suka nufa. Rahotannin da ake aikawa New York daga Akra ba su cika maganar falsafa ba. Maganar motoci ce, da mai, da ruwan sha, da wanda zai tuƙa, da nawa aka tara a taro, da yadda ministan kuɗi Komla Gbedemah ya tsaya musu. Sun bi ta Kumasi da Tamale da Bolgatanga har Bawku, garin kasuwa da Hausa ke yawo a bakin kowa. Suka tsallaka zuwa Upper Volta, wadda yau ake kira Burkina Faso, a lokacin kuwa ba ta gama fita daga hannun Faransa ba. A Bittou, 'yan kilomitoci daga iyaka, jami'an Faransa suka tare su. Suka zauna nan kwanaki suna raba takardu suna yi wa mutanen gari bayani, daga baya suka koma Bawku. An sake gwadawa sau biyu, a Disamba da Janairu, duka aka dawo da su. Wani Bafaranshe daga cikinsu, Pierre Martin, ya yi yajin cin abinci a ƙofar ofishin jakadancin ƙasarsa a Akra.

Ana cikin haka kuma wata rigima tana gudana ta wasiƙa da tangaraho a kan Rustin kansa. A. Philip Randolph, jagoran ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa baƙar fata, da King suna son ya dawo ya shirya zanga-zanga a manyan tarukan jam'iyyu biyu na zaɓen 1960. Shi kuma yana rubutowa daga Akra yana bayanin cewa barin aikin a wannan gaɓa zai karya gwiwar mutanen da suka ba da kuɗinsu da 'ya'yansu. Har Muste, yana da shekara 74, ya taso ya zo Gana. A ƙarshe Rustin ya bi maganar manya, ya koma Amurka bayan yunƙurin farko. Bai yi wata bakwai da komawa ba, ɗan majalisa Adam Clayton Powell, wanda ba ya son a yi zanga-zanga a taron jam'iyyarsa, ya yi barazanar yaɗa ƙaryar cewa akwai wata alaƙa tsakanin King da Rustin. Rustin ya miƙa takardar ajiye aiki, King ya karɓa. An ciro shi daga Sahara saboda wani aiki, aikin kuma aka raba shi da shi ta hanyar sharri. Ranar da waɗannan layuka suka haɗu a jadawalina, rufe kwamfutar na yi, ban iya ci gaba ba. A ganina King bai kyauta masa ba, kuma girman King bai hana a faɗi haka.

A daren na kira kawuna, wanda yake ɗan firamare a Katsina a wancan lokaci. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, kun taɓa jin labarin bam ɗin Faransa kuna yara?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, wa bai ji ba? Cewa aka yi ƙurar shekarar da guba take tafe. Iyayenmu mata har rufe randuna suke yi da faifai biyu."

Na ba shi labarin ayarin. Bai taɓa ji ba. Ya ce, "To da aka tare su, faɗa suka yi?"

Na ce, "A'a Kawu, zama suka yi a gaban shingen."

Ya yi jim, ya ce, "Allah sarki. Ashe akwai waɗanda suka taso dominmu ba mu sani ba."

Tsoron iyayen nan ba na banza ba ne. A Fabrairun 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna ƙurar gwajin farko ta ratsa Nijar ta kai wajen Injamena, cikin 'yan kwanaki kuma ta isa Najeriya da Gana da Mali. Ayarin bai hana bam tashi ba. Abin da ya biyo bayansa shi ne taron da Nkrumah ya kira a Akra a Afrilun 1960 kan gwajin nukiliya da mulkin mallaka.

Takardun 1963 ban daɗe a kansu ba, don an yi rubutu da yawa a kai. Randolph ne ya dage sai Rustin, duk da wasu shugabannin ba sa so, kuma cikin kimanin wata biyu, daga wani tsohon gini a unguwar Harlem ta New York, ya tsara komai. Mai karanta littattafan umarnin da ofishinsa ya raba zai ga mutumin Akra sak: motoci nawa, wa ke shugabantar kowace mota, ina ruwa, ina banɗaki, wane irin abinci za a ƙunso wanda zafin rana ba zai lalata ba. Saura mako biyu, Sanata Strom Thurmond ya tashi a majalisa ya tono maganar Pasadena. Wannan karon Randolph ya tsaya a gaban 'yan jarida ya kare shi, aka wuce wurin.

Akwatunan bayan 1965 su ne suka fi yi mini nauyi ta wata fuskar. Rustin ya yanke shawarar cewa lokacin zanga-zanga ya ba da wuri ga siyasa, cewa talakan baƙar fata ba zai samu aiki da gida da makaranta ba sai an haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyar Democrat ta Shugaba Lyndon Johnson. Johnson ɗin nan kuwa shi ke ruwan bama-bamai a Vietnam. Rustin ya sassauta murya a kan yaƙin, tsofaffin abokansa na gidan yari da na hanya suka yi ta sukarsa, wasu a jarida, wasu a wasiƙa. Na fahimci lissafinsa, kuma ba lissafin son kai ba ne. Duk da haka ina ganin ya yi kuskure, hujjata kuma wasiƙarsa ce ta 1943. Wanda ya mayar wa gwamnati katinta lokacin yaƙi da Hitler bai kamata ya auna kalmominsa a kan ƙauyukan Vietnam ba.

A 1986 wani marubuci ya nemi ya ba da gudummawa ga wani littafi na baƙaƙen fata masu neman jinsi. Ya ba da haƙuri a wasiƙa, ya ce fafutukarsa ba daga wannan ta samo tushe ba, ba kuma daga kasancewarsa baƙi ba, daga tarbiyyar Kweka ce da abin da kakanninsa suka dasa masa. Ya rasu a New York ranar 24 ga Agustan 1987. Shugaba Obama ya ba shi lambar girma mafi daraja ta farar hula a 2013, gwamnan Kalifoniya kuma ya yafe hukuncin Pasadena a 2020.

Mataki na ƙarshe shi ne izini. Laburare ya mallaki takarda, amma haƙƙin kalmomin da ke kanta yana hannun magada. Ɗan gajeren tsokaci a kundin digiri ba ya bukatar komai sai a faɗi akwati da fayil. Buga wasiƙa sukutum kuwa sai an nemi yardar mai kula da gadon marubucin, sannan a sanar da ma'ajiyar. Ina son fitar da wasiƙar 1943 da Hausa gaba ɗayanta, tare da biyu daga cikin na Akra, saboda haka na rubuta takardar neman izini, na faɗi waɗanne wasiƙu ne, a ina za a buga, kuma ba don sayarwa ba. Kafin amsa ta zo, na soma cike fom ɗin neman tallafin tafiya Tamale da Kaduna, inda ma'ajiyoyin takardun gwamnati suke, don in duba rahotannin jami'an iyaka da jaridun watannin nan uku, daga Disambar 1959 zuwa Fabrairun 1960.